Shekara biyu da kwalbar maganin sanƙo

A hoton ɗaurin auren ƙanwata na fara gani. Ƙarshen shekarar 2021 ne, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida bayan an shafa fatiha, na cire hula ina fifita da ita saboda cunkoso, wani yaro cikin dangi da yake tsaye a bayanmu ya ɗauki taron daga sama. Da daddare aka zuba hotunan a zauren WhatsApp na gidanmu. Na tsaya a kan wani mutum mai shuɗiyar shadda, fatar tsakar kansa ta fito fili kamar faɗin tafin hannun yaro, sai da na ƙara girman hoton sannan na gane aikin da ke wuyan rigar. Nawa ne.

Shekarata 31 a lokacin. Mutum ba ya ganin tsakar kansa, madubi goshi kawai yake nuna masa, sauran kuma hula ta rufe. Washegari na je wurin mai askina, wanda ya shekara shida yana yi mini saisaye, na cire hula na tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Malam, ai ya fi shekara. Na ga ba ka yi magana ba ne, shi ya sa ni ma na ja bakina."

Ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Baba yana da sanƙo tun ina ƙarami, kawuna ƙanen Inna ma haka. Duk wanda na yi wa maganar amsarsa ɗaya, wai sanƙo alamar arziki ne, a yi dariya a wuce. Ni kuwa abin ya dame ni ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba. Na koma ba na cire hula ko a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, komai zafi. A masallaci in zan yi shafar kai sai na waiga na ga wa yake bayana. Mu maza ba a koya mana faɗin irin wannan damuwa ba, ana ganin ƙaramin abu ne da bai kamata magidanci ya ɗaga kai a kansa ba, don haka sai mutum ya riƙa cin abinsa a ciki shi kaɗai.

Shekara guda na yi ina gwaje-gwaje. Man habbatus-sauda, man kwakwa, man darbejiya, ruwan albasa da nake matsewa da tsumma in shafa da dare, man kaɗanya da Inna ta aiko da shi a gwangwanin madara. Na sayi wata kwalba wurin mai talla da lasifika a kan mota, wanda ya rantse mako uku kawai. Akwai lokacin da na ɗora wa hula laifi na daina sa ta in ina gida, akwai lokacin da na zargi ruwan burtsatsen unguwarmu. Mayukan sun tausasa gashin da ya rage, fatar ta daina bushewa, wannan gaskiya ne. Amma filin nan na tsakar ka bai daina faɗi ba, kusurwoyin goshi biyu kuma suka fara ja da baya.

A watan Nuwamba na 2022 na yanki kati a sashen cututtukan fata na asibitin koyarwa. Likitar mace ce, kuma ba ta yi gaggawa da ni ba. Ta fara da tambayoyi: wa yake da sanƙo a dangin uba da na uwa, ko na yi wata doguwar jinya a watannin baya, ko ina da hawan jini ko ciwon zuciya, wane magani nake sha. Ta auna jinina. Ta kama 'yan silallan gashi a wurare daban-daban ta ɗan ja. Sannan ta ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kan fatar, ta ɗauki hoto da wayarta ta nuna mini.

Wannan hoton ne ya fahimtar da ni abin da shekara guda ta shafe-shafe ba ta fahimtar da ni ba. A wuri ɗaya ga gashi mai kauri baƙi wuluk, a gefensa ga wani siriri, a gefen wancan kuma ga wani da kyar ake ganinsa, kamar gashin bayan hannun jariri. Ta ce, "Malam, ka ga gashinka bai mutu ba tukuna. Ramewa yake yi."

Bayanin da ta yi mini shi ne, kowane silin gashi yana da saiwarsa a cikin wata 'yar jaka a ƙarƙashin fata. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kusan santimita ɗaya a wata, sannan ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne ga kai mai sili kusan 100,000. A jikin namiji akwai wani sinadari da ake kira DHT, wanda jiki yake sarrafawa daga sinadarin mazakuta. Wanda ya gaji sanƙo, saiwoyin gashin goshinsa da na tsakar kansa ba sa jure wannan sinadari. Duk zagaye sai lokacin tsiron ya ragu, gashin ya ƙara sirancewa, har a wayi gari jakar ta daina fitar da abin da ido zai gani. Saiwoyin ƙeya da na gefen kunne ba ruwansu da shi, shi ya sa dattijo mai sanƙo yake da gashi zagaye da kai kamar rawani. Ta ce gadon daga ɓangaren uba yake zuwa kuma daga ɓangaren uwa, ba daga ɗaya kaɗai ba, kuma hula ba ta da laifi ko kaɗan. Daga baya na karanta cewa tun a 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin su balaga ba sa yin sanƙo ko da iyayensu suna da shi. Zanen matakai 7 da likitar ta nuna mini a bango ma daga aikinsa ya samo asali, wani likita mai suna Norwood ya gyara shi a 1975. Ni ina mataki na 3, irin wanda ya haɗa da tsakar ka.

Ta tabbatar ba makero ba ne, ba kuma irin zubar nan ba ce da take cin kai wuri-wuri kamar an ɗora kwabo. Sai ta rubuta mini minoksidil na shafawa, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Kafin ta miƙo takardar ta riƙe ta a hannu ta ce in saurara da kyau, domin yawancin waɗanda take rubuta wa ba sa kai wata uku. Maganin ba ya warkar da sanƙo. Ba ya taɓa DHT. Abin da yake yi shi ne ya tashi saiwar da take barci, ya tsawaita lokacin tsiro, ya buɗe ƙananan hanyoyin jini da ke kewaye da ita. Ba zan ga komai ba kafin wata 4, kada in yanke hukunci kafin wata 6 zuwa shekara. Ranar da na daina kuma, abin da na samu zai zube cikin 'yan watanni. Na ce na ji. A gaskiya kunnena ne ya ji, zuciyata tana wurin gashin da zai dawo.

Tambayarta ta ƙarshe ta ba ni mamaki: "Kuna da mage a gida?" Na ce akwai wadda muke bari saboda ɓera. Ta ce in kiyaye, ɗan kaɗan na maganin nan in mage ta lasa a hannu ko a matashin kai zai iya kashe ta.

Asalin maganin ma ba don gashi aka yi shi ba. Kamfanin Upjohn na Amurka ne ya fitar da shi a matsayin ƙwayar hawan jini mai tsanani, aka amince da shi a 1979. Sai likitoci suka ga masu shan sa gashi yana fito musu a goshi da kumatu da baya. Daga nan aka mayar da shi na shafawa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da mai kashi 2 a 1988 da sunan Rogaine, mai kashi 5 ya biyo baya a 1997. Sanin wannan yana da amfani, domin yana tuna wa mutum cewa abin da ke cikin kwalbar maganin jijiyoyin jini ne, ba man gashi ba. Ni sai da na sha wuya na tuna.

Kwalbar ƙarama ce, mililita 60, ta wata guda. Tana zuwa da ɗan bututun ɗiga mai kan roba da zane a jikinsa daidai mililita ɗaya. Ɗaya da safe, ɗaya da dare, a kan busasshiyar fata, a baza da yatsa, a wanke hannu da sabulu, kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa 4. A takarda abu ne mai sauƙi. Wanda ya rubuta takardar bai san mutumin da yake shafar kai da jiƙaƙƙen hannu sau biyar a rana ba, daga goshi har ƙeya ya dawo, kuma ba ya fita sai da hula.

Ranar farko na shafa bayan na dawo daga sallar Asuba, ƙarfe bakwai na shiga wanka zan tafi aiki, ina zuba ruwa a ka na tuna. Dole na juya tsarin safiyata gaba ɗaya. Wanka ya koma kafin Asuba, a cikin hunturun Disamba, maman yara tana tashi ta ɗora mini ruwa a kan gas tun da duhu. In na dawo masallaci sai in goge kai da tawul, in jira ya bushe sarai, in zauna a bakin gado in sunkuya. Da farko ni nake ɗigawa da kaina ina lalube, rabin maganin yana tsayawa a kan gashi maimakon fata. Sai maman yara ta karɓa. Takan raba gashin da yatsa, ta ɗiga ɗigo-ɗigo a layi, sanyinsa ya ratsa ni, in ji wani ɗigon yana gangarowa ta bayan kunne ta tare shi da tsumma. Da ta samu juna biyu daga baya likita ta ce ta bar taɓa shi kwata-kwata, na koma yi da madubi biyu, ɗaya a bango ɗaya a hannu. Hula ba ta hawa kaina sai ya bushe, don haka nakan hau babur da ita a aljihu, in sa a ƙofar makaranta. Daga nan zuwa alwalar Azahar an fi awa 6, babu matsala. Na dare kuma bayan Isha'i ne, in zauna ina duba littattafan ɗalibai awa biyu kafin in kwanta, don kada ya ƙare a jikin matashi. Na ware rigar matashina daban. 'Yata, wadda ta saba hawa wuyana ta kama kaina, sai da na koya mata cewa da dare kan Abba ba a taɓawa.

Warin barasa da ke tashi daga kwalbar ya tsaya mini a rai, domin da ita ake narkar da maganin. Na je na samu limamin unguwarmu na kai masa kwalbar. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan ko irin wannan sinadari najasa ne, da yawa daga malaman wannan zamani suna ganin wanda ake sa wa a magani da turare ba ya hana salla, kuma shi a kan wannan fahimta yake. Na bi maganarsa hankalina ya kwanta. Wani abin da barasar ta jawo shi ne tana kama wuta, saboda haka kaskon turaren wuta da ake shigowa da shi ɗaki bayan Isha'i ya koma falo.

Mako na uku wani abin da likita ta gargaɗe ni a kai ya zo, wato zubar gashi a farkon fara maganin, kuma gargaɗin bai rage mini komai ba. Na tashi da safe na ga rigar matashi fara ta yi baƙi-baƙi da guntayen gashi. Na shafa kai da tafin hannu, na duba, ga su nan manne. A wurin wanka suna yawo a saman ruwan bokiti. Kowace rana haka, mako bayan mako. Na ɗauki hoton tsakar kaina a ƙarshen Janairu na kwatanta da na ranar farko, filin ya fi da faɗi. Ka yi tunanin mutumin da ya cire kuɗi daga albashin koyarwa, ya canza lokacin wankansa, ya takura wa iyalinsa, don ya tsayar da zubar gashi, sai ga gashin yana zuba fiye da kowane lokaci a rayuwarsa. Dare biyu ban yi barcin kirki ba. Na ɗauki kwalbar na riƙe a kan kwandon shara, na mayar.

Maimakon in koma asibiti sai na yi wauta. Na ce wataƙila adadin ne ya yi kaɗan, na fara cika bututun sau biyu da safe, sau biyu da dare. A rana ta biyar ina tsaye gaban allo ina rubutu na ji zuciyata tana bugawa da sauri kamar na yi gudu, jiri ya ɗebe ni har sai da na dafa tebur. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce su ci gaba da kwafa, na fita na zauna a baranda.

Da na gaya wa likita abin da na yi ba ta yi mini faɗa da ƙarfi ba, amma fuskarta ta canza. Ta ce wani kaso na maganin yana ratsa fata ya shiga jini, in an ninka ba gashin ake ninkawa ba, abin da ke shiga jinin ake ninkawa. Bugun zuciya, jiri, ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ko hannu, duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya dakata ya zo asibiti. Ta sa na huta kwana uku, ta sake auna ni, na koma mililita ɗaya. Game da zubar kuma ta ce in yi haƙuri, tsofaffin gashin da suka riga suka shiga hutu ne sababbi suke turowa daga ƙasa, da ma faɗuwa za su yi, maganin ya sa sun faɗi a tare ne. Yakan fara a makonnin farko ya lafa kafin wata biyu. Nawa ya lafa a mako na takwas.

Ita ce ta ga wata matsalar da ni na ɗauka amosani ne. Fatar ta yi ja, tana ƙaiƙayi, tana fitar da farin ɓawo da ke zuba a kafaɗar riga. Hunturu ya taimaka, amma ta ce babban mai laifin wani sinadari ne da ake haɗawa a na ruwan, furofilin gilaikol, wanda fatar wasu ba ta shiri da shi. Ta mayar da ni kan na kumfa, wanda babu wannan sinadarin a ciki, ta haɗa mini da sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol sau biyu a mako. Cikin kwana goma ƙaiƙayin ya tafi. Na kumfa ya fi tsada, amma ya fi saurin bushewa. Rabin murfin gwangwanin ake matsawa. Aibinsa ɗaya, ɗumin hannu yana narkar da shi nan take, don haka da zafi ya shigo sai na riƙa tsoma yatsuna a ruwan randa in goge kafin in taɓa shi.

Azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, a tsakiyar zafi. Shafa magani a fata ba ya karya azumi, wannan ban samu wanda ya yi mini gardama a kai ba. Wahalar tana wurin gumi, wanda yake kwaso maganin ya gangaro da shi goshi, har na lura da wasu 'yan siraran gashi sun fito a gefen idona, wurin da ban nema ba. Na koyi tsayar da shafawa nesa da bakin goshi, in zauna gaban fanka in akwai wuta, in babu in yi fifita. A goman ƙarshe, da asham da tahajjud da sahur, na tsallake dare da yawa. Likita ta riga ta ce in an manta a bar shi ya wuce, kada a rama.

Tun ranar farko ta ce in riƙa ɗaukar hoto duk wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, tsawon gashi ɗaya, domin ido yana yi wa mai shi ƙarya. Muka tsayar da ranar ɗaya ga wata, a tsakar gida da hantsi, kwana biyu bayan aski. Na gaya wa mai askina kada ya canza lambar kilifa, kuma ya bar sa mini reza a kan fata, tunda ba a shafa maganin a kan yanka ko ƙurji. Hoton Fabrairu da na Maris ba su da bambanci. Na Afrilu kamar an ɗan yayyafa toka a filin. A watan Mayu ina zaune a kujerar aski, mai askin ya kashe kilifa, ya matso da kaina kusa da taga, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Ikon Allah. Malam, wallahi tsiro yake yi." Ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe mini ta baya. Gashi ne laushi, launinsa bai kai na sauran baƙi ba, amma ya rufe fatar. Na daɗe ina kallo. Da na koma gida na yi raka'a biyu.

Zuwa watan Yuli tsakar kan ta cike yadda in ba an gaya wa mutum ba, ba zai lura ba. Kusurwoyin goshi kuwa ba su dawo ba, sun dai tsaya inda suke. Da ma an gaya mini maganin ya fi aiki a tsakar ka.

A ƙarshen Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Maganin daga waje ake shigo da shi, da dala. Duk zuwan da zan yi kantin magani sai na tarar ya ƙara kuɗi, kafin Oktoba ya kusa ninkawa, ga kuɗin makarantar yara, ga mai a babur, ga haihuwa tana matsowa. Na gwada sayen wani mai araha wurin masu talla a intanet. Da ya iso, rubutun jikin kwalin ya dusashe, babu lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, warinsa ma daban. Na nuna wa wani ɗan'uwanmu mai harhaɗa magunguna, ya ce kada in sa a kaina. Kuɗin ya tafi a banza. Kasuwar maganin nan ta cika da irin wannan, domin samari da yawa suna sayen sa don tsirar da gemu da saje, ba tare da kowa ya auna jininsu ba, abin da yake tayar mini da hankali tun ranar da na dafa tebur a aji.

Sai na fara ja. Sau ɗaya a rana, sannan yau a shafa gobe a huta, sannan ranar da na tuna. A watan Nuwamba gwangwanin ya ƙare ban sayi wani ba. Na gaya wa kaina cewa gashin ya riga ya kama ƙasa. Disamba ba abin da ya faru, na ƙara yarda da kaina. A Janairun 2024 rigar matashi ta fara baƙi. Hoton ɗaya ga Maris ya fi na ranar da na fara zuwa asibiti muni, domin duk watannin da maganin yake riƙe da gashin, shi gadon bai tsaya ba, yana ta aikinsa a ƙarƙashi. Wannan karon ya fi mini ciwo a kan ranar hoton ɗaurin aure. Wancan ƙaddara ce ta same ni ban sani ba, wannan kuwa an gaya mini ƙarara, da takarda a hannu.

Bayan ƙaramar salla na koma wurin likitar, na zayyana mata komai har da maganar kuɗi, wadda da na ji kunyar faɗa. Ta ce takardar maganin sau biyu ta ce, amma sau ɗaya kullum ba fashi ya fi sau biyun da za a yi wata uku a watsar, kuma gwangwani ɗaya zai kai ni wata biyu. Muka tsayar da na dare. Ta sake kawo maganar ƙwayar finasterid, miligiram 1 a rana, wadda ita ce take rage DHT ɗin kansa, wato take taɓa tushen matsalar. Ba ta ɓoye mini ba cewa kaɗan daga masu shan ta suna samun raunin sha'awa, kuma mai ciki ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Na kai maganar gida. Maman yara ta ce, "Abban yara, ni ban auri gashi ba. Amma na ga yadda abin yake cin ka, duk wanda ka zaɓa ina tare da kai." Ban karɓi ƙwayar ba a lokacin, ban kuma rufe ƙofar ba. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya a yi ba na mai albashina ba ne, kuma ko wanda aka yi wa yakan ci gaba da magani don ya tsare gashin da ba a dasa ba.

Zubar makonnin farko ta sake zuwa, wannan karon na san ta, na bar ta ta wuce. Bayan wata biyar tsakar kan ta sake rufuwa, amma ba ta kai cikar Yulin 2023 ba, har yau kuma ba ta kai ba. In rana ta daki kaina ana hango fata. Watanni biyar ɗin da na yi ba magani sun tafi da wani abu da bai dawo ba.

Wani abokin aikina da ya ga canjin farko ya saya shi ma. Wata takwas yana shafawa bai ga ko sili ɗaya ba. Sanƙonsa ya fi shekara goma, fatar ta yi sumul tana sheƙi, saiwoyin sun riga sun rufe. Ban da haka ma, maganin ba ya aiki sai wani sinadari da ke cikin saiwar gashin ya juya shi zuwa siffar da take aiki, kuma mutane sun bambanta a yawan wannan sinadarin, shi ya sa wani zai bi ƙa'ida sarai bai samu komai ba. Abokin nawa ya ajiye kwalbar, ya koma aski tal-kwabo duk Juma'a, kuma na ga hankalinsa a kwance yake. Ina girmama wannan zaɓin. 'Yar kawuna ma ta tambaye ni saboda gaban goshinta da ya cinye, na ce ta je a duba ta tukuna, domin na mata sau da yawa jan kitso ne ko jego ko ƙarancin jini, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi.

Yanzu kuɗin gwangwanin yana cikin lissafin wata tare da shinkafa da kuɗin wuta, ina ware rabinsa duk albashi. Yana ajiye a saman kwaba inda hannun yara ba ya kai, nesa da mage.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ƙanena, autanmu, ya zo daga wurin bautar ƙasa. Shekararsa 25. Bayan Isha'i ya same ni a ɗaki da madubi biyu, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo har na gama na wanke hannu. Sai ya rufo ƙofa, ya cire hular da tun zuwansa ban ga ya cire ba, ya ce, "Yaya, don Allah duba mini nan." Na ce hasken ɗakin ba zai nuna gaskiya ba, ya bari sai da safe. Da hantsi na fito da shi tsakar gida, daidai inda nake tsayawa, na ce ya sunkuya. Gashin yana nan, amma a tsakiya ya fara sirancewa, faɗin bakin kofi. Na ɗauki hoton, na rubuta kwanan wata a ƙasa, na tura masa. Ya ce in ba shi sauran gwangwanina ya fara. Na ce a'a, sai an auna jininsa an duba fatar. Ranar Litinin na ɗauke shi a babur muka je ya yanki kati.